Kafin Ka Sayi Laftof: Abin Da Ɗalibin Harshe Ya Kamata Ya Sani

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga aji uku ya san lokacin neman kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, ya yi, saboda kundin digiri yana tafe. Mafi yawanmu kuwa ba mu da ƙarfin sayen sabuwa, sai ta hannu, wadda a nan kudu ake kira tokumbo. Wannan maƙala za ta duba abubuwa biyu da suka fi rikita mai saye: furosesa da sashen hoto.

Kuskuren Da Na Yi

Na yi watanni ina tara kuɗi, yayata ma ta cika mini. Da na shiga shago na ga wata da tambarin Core i7, ban tsaya tambaya ba na biya, don na ji ana cewa i7 ya fi i5. Abokina ya sayi mai i5 a kusan kuɗi ɗaya, har na yi masa dariya. Ba a yi mako biyu ba na ga tasa ta fi tawa sauri. Laifina ne, domin suna kawai na karanta, ban karanta lambar da ke biye da shi ba.

Yadda Ake Karanta Furosesa

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ta: Intel mai Core i3 da i5 da i7, sai AMD mai Ryzen 3 da 5 da 7. A na Intel, lambar farko bayan karan-ɗori ita ke nuna zubi, wato wane yayi aka yi ta.

Tawa i7-4600U ce, zubi na huɗu, ta shekarar 2013. Ta abokina i5-8250U ce, zubi na takwas, ta 2017. A cikin kowace furosesa akwai sassa masu raba aiki a tsakaninsu, mu kira su hannuwa. Tawa hannu biyu gare ta, tasa huɗu. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Daga zubi na goma, lambobi biyu ake dubawa: i5-1135G7 zubi na 11 ce.

Akwai wani dalili kuma. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana buƙatar zubi na takwas ko sama, ban da 'yan kaɗan. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 3500U mai hannu huɗu da Ryzen 5 5500U mai hannu shida duk suna ɗaukar ta.

Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin mai tattalin batir, H kuma mai ƙarfi amma mai cin wuta. Ga wanda ke zaune a ɗakin kwanan ɗalibai inda ake yawan ɗauke wuta, U ta fi. Ita kuwa Celeron, ko sabuwa ce dal, takan yi nauyi idan aka buɗe shafuka da yawa. Araha ba ta ado.

Sashen Hoto

Shi ne ke zana abin da ido ke gani a allon kwamfuta. Iri biyu ne. Na farko yana haɗe da furosesa, kamar Intel UHD da Iris Xe da Radeon na cikin Ryzen, kuma yana aron RAM ɗin kwamfutar. Na biyu mai zaman kansa ne da ma'ajiyarsa daban, kamar NVIDIA GeForce. Ya fi ƙarfi, amma ya fi tsada, ya fi zafi, ya fi shan batir.

To, mu me muke yi da kwamfuta? Buga rubutu mai haruffa masu lanƙwasa, karanta littattafai, sauraren hirarrakin da muka naɗo, da nazarin karin sauti da tsawon wasali da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. Babu ko ɗaya cikinsu da ke buƙatar sashen hoto mai zaman kansa. Wannan na masu wasannin kwamfuta ne da masu tace fim.

Kammalawa

Shawarata ita ce a nemi i5 daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 5 irin waɗanda na ambata. Kuɗin da za a ƙara don GeForce a sa shi a RAM gigabait 8 da ma'ajiyar SSD ta gigabait 256. Kada a dogara da tambarin jikin kwamfuta, domin ana iya liƙa shi. A kunna ta a gaban mai shago, a shiga Settings, sannan System, sannan About, a karanta cikakkiyar lambar da ido. Ni har yanzu da tsohuwata nake lallaɓa babi na biyu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya ba mu sa'a, amin.