Ku Sa wa Yaranku Waƙa a Baki

'Ya'yana, iyayen yara da malaman makarantar Lahadi na ƙasar Bagudo, daga Zagga da Ka'oje har Illo, Lolo da Tsamiya, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka wajen Segbana: 'Yar magana ce gare ni a kan abin da wasunku ke ɗauka wasan yara ne, wato waƙa.

Kun san irin zamanmu a nan. Masu bi ba su da yawa, kuma a warwatse suke, wani ƙauyen gida uku, wani gida huɗu. Fasto ɗaya kan zagaya majami'u da dama a kan babur. In damina ta yi nisa Kwara ta cika ta tumbatsa, kamar yadda ta yi a 2020 har ta cinye gonakin shinkafa, sai hanya ta yanke, a yi makonni yaro bai taka ƙofar majami'a ba. To, me zai riƙe bangaskiyar ɗan shekara biyar a irin wannan lokaci? Bai iya karatu ba, wa'azin manya kuma ya fi ƙarfinsa. Abin da ya haddace ne kaɗai ke bin sa gona da bakin kogi, yaro kuwa ba abin da yake saurin haddacewa kamar waƙa.

Wannan ba dabarar mutum ba ce. Ku buɗe Maimaitawar Shari'a sura 31. Da Musa ya kusa rasuwa, Allah ya umarce shi ya rubuta waƙa ya koya wa Isra'ilawa, domin ya san za su ci su ƙoshi su manta da shi, amma waƙar ba za ta fita daga bakin zuriyarsu ba. Ga doka a rubuce, ga firistoci, duk da haka sai da aka haɗa musu da waƙa. Bulus da Sila ma, da aka sa ƙafafunsu a turu a kurkukun Filibi, ba littafi suka buɗe da tsakar dare ba. Abin da ke cikin ransu suka rera.

Maƙwabtanmu Musulmi sun riga sun san sirrin nan. Muna ƙasar Gwandu, inda waƙar wa'azi ta daɗe tana aikin malami. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta aika ilimi ga matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji, na ƙungiyar 'Yan Taru, matan su haddace su koma gida su koyar. Har gobe in ka wuce makarantar allo da yamma, da rauji za ka ji yara na biya karatu. Babu kunya mutum ya ga abin kirki a gidan maƙwabcinsa ya gane darajarsa.

Sai dai ba kowace waƙa ce ta yaro ba, kuma a nan nake so ku saurare ni da kyau. Littafin Waƙoƙi da muke riƙewa a sujada gado ne mai daraja, ni ma da shi na girma. Amma yawancin waƙoƙinsa fassara ce da aka ɗora a kan karin Turawa, baiti huɗu ko biyar, kalmomin kuma wani lokaci muryar kan ja su inda harshenmu ba ya ja. Babba zai bi ma'anar, yaro kuwa sai ya yi ta bin sauti bai san abin da yake faɗa ba. Ku ajiye masa waɗannan sai ya ƙara wayo. Abin da yake bukata yanzu shi ne layi biyu ko uku da amshi, gaskiya guda ɗaya tak a ciki: Allah ne ya yi ni, Yesu na ƙaunata, ko cikin duhu ba ni kaɗai ba ne. Zabura ta 117 aya biyu ce kacal, kuma ba wanda ya ce ta gaza.

Bari in nuna muku yadda ake yi. Yaranmu 'yan bakin ruwa ne. Sun san kwalekwale, sun san yadda fuskar matuƙi ke sauyawa in hadari ya taso ana tsakiyar kogi, wasu ma sun ji kukan gidan da ruwa ya ci wani. Bayan tuwon dare, ke uwa, ki shimfiɗa tabarma ki ba su labarin da ke Markus sura 4, ranar da iska ta taso wa almajirai a tafki, Yesu na barci a kan matashi a bayan jirgi. Ki kife ƙwarya, ki riƙa bugawa a hankali kamar ruwa na dukan gefen jirgi. Ke ki ja labarin da karin gaɗar da 'yan mata ke yi a dandali, su kuma ki ba su amshi na kalma uku ko huɗu, cewa ya tsawata wa iska ta kwanta. Ki bar su su yi tangaɗi kamar jirgi, in an zo wurin amshi kowa ya tsaya cak. Za su yi dariya, ƙaramin zai faɗi ya tashi, ba komai. Kafin mako ya zagayo za ki ji 'yarki na rera ta ga ƙaninta da ke goye a bayanta, tana korar tsuntsaye a gonar shinkafa.

Sa'an nan maganar harshe. A iyakar nan yaro ɗaya kan ji Hausa a kasuwa, harshen Dandi ko Zabarmanci a bakin kogi, Fulatanci wurin masu nono, a makaranta kuma Turanci, ko Faransanci in ta ɓangaren Benin yake. Hausa ta yi mana babban aiki. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da ita, kuma ita ke haɗa mu sujada da baƙin da aiki ya kawo daga Zuru ko Yawuri. Amma in a gidanku harshen Boko ko na Kyangawa ake yi, da shi za ku fara yi wa jariri waƙar reno. Mutanen Segbana suna da Littafi Mai Tsarki da harshen Boko, saboda haka ayoyin da za a ɗora wa murya suna nan. Ina jin zafi in na ga yaro na tsalle da waƙar Turanci da bai san ko kalma ɗaya a cikinta ba, alhali da harshen kakarsa bai san yadda ake ce wa Allah na gode ba.

Waya ba laifi ba ce. Ku sa musu waƙoƙin Sabon Rai ko na Zumuntar Mata su ji. Sai dai waya ba ta san sunan ɗanki ba, ba ta ganin ranar da ya kwana da tsoro. Ku saurara tare, sa'an nan a kashe, ku rera da bakinku, ko muryar ta tsufa kamar tawa.

Abu biyu nake roƙo ku kiyaye. Kada ku koya wa yaro waƙar habaici ga masu wani addini. Rijiya ɗaya muke sha da su, kasuwa ɗaya muke ci, abin da yaro ya ji a tsakar gida kuwa a bakin titi zai faɗe shi. Kada kuma bulala ta shiga tsakaninsa da waƙar Allah. Wanda aka doke shi don ya manta baiti, zafin dukan zai riƙe, ba baitin ba.

Ku kuma maza, na san ku, da an fara waƙa sai ku ɗauki rediyo ku fice ƙofar gida, wai aikin mata ne. Dawuda jarumin yaƙi ne, kuma da garaya aka san shi. Ɗanka namiji na kallonka. In bai taɓa jin muryarka a waƙar yabo ba, ranar da gemu ya fara fito masa zai ajiye tasa.

Timoti a wurin kakarsa Loyis da uwarsa ya fara samun bangaskiya, tun kafin ya haɗu da Bulus. Saboda haka kada ku jira fasto ya iso, kada ku jira ruwa ya janye. Yau da dare, in an gama cin abinci, ku tara su a tabarma ku fara da waƙa ɗaya. Allah ya raya mana su cikin tsoronsa.