Shawarwari Takwas Kan Ɗaukar Hoton Raɓa a Jikin Fure da Wayar Hannu

Daga Adarawo har Jimeta, da damina ta kankama za ka ga kuɓewa, zoɓo da kabewa sun cika bayan gidaje. Ɗigon ruwan da ke kwana a furensu ya isa hoton da za a rataye a falo, kuma wayar da ke hannunku ta wadatar. Ga hanyar da ta fi sauƙi.

1. Ku fito da sassafe. Ranar Yola ba ta da wasa, kafin hantsi ta lashe raɓar kaf. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 7:30 haske na da laushi, iska kuma a kwance take. Raɓa ta fi sauka a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba.

2. Ku fara da abin da kuka shuka. Furen kuɓewa ruwan ɗorawa ne mai ja a tsakiya, kuma yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, na kabewa kuwa kafin azahar ya tsuke baki. Ganyen gwaza ya fi su daɗin sha'ani, domin ruwa ba ya jiƙa shi, sai ya dunƙule a kai kamar dutsen ado.

3. Ku goge idon kyamara, ku matsa kusa. Maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi dishi-dishi, ƙyalle mai laushi ya isa magani. Kada ku jawo hoton da yatsu biyu, hakan rage masa kyau yake yi. Wayoyi da yawa na Tecno, Infinix da Redmi suna da tsarin makro mai kama abu daga tazarar kusan santimita 4, wanda tasa ba ta da shi kuma ya tambayi ɗan gilashin maƙalawa wurin masu kayan waya a kasuwar Jimeta.

4. Ku kafa wayar, kada ta motsa. A wannan kusancin, ko numfashi na girgiza hoto. Ku jingina ta a bulo ko kujera 'yar tsugunno, ku danna ɗigon a fuskar waya har ya fito tangararan, sannan ku sa ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka.

5. In babu raɓa, ku yi taku. Kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski na ba da ƙananan ɗigo, sirinji marar allura kuma na ajiye babba daidai inda kuke so. Ku gauraya ruwan da ɗan gilisarin ɗin da ake shafawa da hunturu, sai ɗigon ya yi kauri ya jima bai bushe ba.

6. Ku sa fure a bayan ɗigon. Ɗigon ruwa na lanƙwasa haske, shi ya sa abin da ke bayansa ke bayyana a cikinsa, ƙarami kuma a kife. Ku rataya ɗigo a tsinken ciyawa, yaro ya riƙe furen zoɓo kamar taƙi ɗaya a bayansa, yana matsawa sannu har furen ya shige ciki gaba ɗaya. Nan ne yara ke fara son abin.

7. Ku kashe filasha, ku tare iska. Filasha na mai da ɗigo farin tabo. Ku bar rana ta zo ta gefe, ku riƙe farar takarda a ɗaya ɓangaren don ta rage inuwa, kwalin taliya kuma ya tare iska.

8. Ku kula da ƙafa da gonar mutane. In kun gangara bakin Binuwai ko lambunan Tafkin Gerio, ku sa rufaffen takalmi saboda macizai. Ku yi wa mai lambu sallama ku nemi izini, kuma kada ku tsinke furen kuɓewarsa, domin kowane fure 'ya ce da zai kai kasuwa. Ku ɗauki hotuna da yawa a tsugunno ɗaya, in kun koma gida ku zaɓi wanda gefen ɗigonsa ya fi fitowa sarai.