Sabon Ɗan Sanda a Ƙasar Hakimi

Duk sa'ad da aka yaye kurata daga kwalejin 'yan sanda, kamar ta Kaduna ko ta Maiduguri, akan rarraba su birni da ƙauye su kama aiki. Waɗansunsu a ƙasashen hakimai za su sauka, inda ba su san kowa ba, wani ma yaren mutanen wurin ba ya ji sosai. Ya kamata hakimai da malamansu su san halin da irin wannan yaro yake ciki, domin watanninsa na farko su ne ke nuna irin ɗan sandan da zai zama.

A kwaleji an koya masa fareti, da riƙon bindiga, da dokokin ƙasa, da yadda ake rubuta jawabin mai ƙara. Can kome da lokacinsa, kowace tambaya kuma da amsarta a littafi. Ran da ya shiga caji ofis sai ya tarar yawancin aikin jira ne da rubutu: tsayuwa a kanta, gadin dare, sintiri ranar kasuwa. Ƙarar da za a kawo masa kuwa ba ta zuwa a tsare kamar ta aji. Mutum biyar ne za su shigo tare, kowa na magana, a ce shanu sun yi ɓarna a gona, amma asalin rigimar iyakar burtali ce wadda aka daɗe ana ja a kanta tun yaron bai shiga makaranta ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Sajensa zai nuna masa aikin ofis, amma dagaci da mai unguwa ne suka san wane ɗan wane ne, da abin da ya haɗa su.

To, a nan ne ake samun kuskure, kuma tushensa tsoho ne. A zamanin En'e 'yan doka na Sarki ne, shugabansu a Kano shi ake kira Wakilin Doka, muƙamin da marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe kafin ya hau gadon sarauta a 1963. A lokacin in hakimi ya ce a kamo wane, an gama magana. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, rundunar da aka kafa tun 1930. Daga nan ɗan sanda ya daina karɓar umurni daga fada. Daga shugabanninsa yake karɓa, su kuma doka ta yi musu iyaka. Amma har yanzu akwai dattawan da ke ganinsa da idon da.

Abu biyu aka fi roƙon sabon kurtu ya yi, dokar 'yan sanda ta 2020 kuwa ta hana su duka. Na ɗaya, kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Wannan maganar sulhu ce ko ta kotu, ba ta bayan kanta ba. Na biyu, kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ya gudu, wai don ya fito. Har wa yau tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa in laifin da ake tuhumarsa da shi hukuncinsa kisa ne. Duka don mutum ya amsa laifi kuwa shi kansa laifi ne a dokar hana azabtarwa ta 2017. Beli kuma kyauta ne.

Yaron ya san duk wannan, don bai daɗe da haddace shi ba. Abin da ba shi da shi tukuna shi ne ƙarfin halin da zai ce wa babban mutum a'a. In manzon hakimi ya zo da saƙo a tsare wane har ya biya kuɗin buhun gero, kunya da tsoro za su sa ya yi. In abin ya kai gaban alƙali, sunansa ne a littafi, ba na wanda ya aiko ba, shi za a hora ko a kora. In kuwa ya wuce lafiya, abin ya fi muni, gama ya koyi cewa karatun kwaleji na kwaleji ne. Haka kuma ɗan abin goro da masu ƙara ke miƙawa don a hanzarta: kurtun da ya saba da shi a shekararsa ta fari da wuya ya bari.

Taimakon da ya dace ba mai wuya ba ne. Hakimi ya sa a gabatar da shi ga dagatai da limamai da sarkin kasuwa da arɗo. A taimake shi neman masauki in babu bariki, amma ba a gidan wanda ke da shari'a da wani ba. Rigimar da za ta mutu a zauren dagaci a kashe ta can. Wadda ta kai ga jini, ko fashi, ko fyaɗe, ko satar shanu, kada a ɓoye ta da sunan sulhu, a aika caji ofis nan da nan.

Malamin hakimi kuwa in zai rubuta takardar da za ta raka ƙara, ya sa ranar da abin ya auku, da wurin, da cikakkun sunayen waɗanda suka gani da idonsu, ya ware su daga waɗanda suka ji a bakin wani. Takardar kuma sunan baturen 'yan sanda na yankin za a sa mata, ba a danƙa wa kurtu saƙon baka a hanya ba.