Darasi a Kan Tsaron Kuɗin Jama'a: Yadda Rasha Ta Gyara Baitulmalinta

A zamanin Tarayyar Sobiyet gwamnati ce ke da masana'antu da gonaki da kantuna. Akwai wata hukuma a Mosko, ana kiranta Gosplan, ita ke yanke abin da kowace masana'anta za ta ƙera a shekara. Banki kuwa, watau Gosbank, shi ne ma'ajin kowa, ta hannunsa kuɗin gwamnati ke shiga, ta hannunsa suke fita. Saboda haka Ma'aikatar Kuɗi ba ta damu da ta riƙe baitulmali na kanta ba.

Da tarayyar ta watse a watan Disamba 1991, sai wannan tsari ya rushe gaba ɗaya. Aka saki farashi a watan Janairu 1992, kafin shekara ta ƙare tsadar kaya ta ninka fiye da sau 20. Kasafin da aka tsara da farkon shekara ya zama takarda kawai.

Amma babbar ɓarakar ba nan take ba. Sababbin bankunan 'yan kasuwa suka tsiro, ma'aikatu suka shiga buɗe asusu a cikinsu, kowace da nata. In an aika da albashin malaman makaranta na wani lardi, sai kuɗin su kwana a banki makonni, mai banki yana juya su. Har ya zamana waɗansu bankuna na ba gwamnati rance da kuɗinta na kanta, suna karɓar riba mai tsoka. Ministan Kuɗi kuwa ba ya iya faɗin abin da gwamnati ta mallaka a rana guda, don kuɗin sun warwatsu.

Wata al'ada kuma ta shigo, ta biyan haraji ba da kuɗi ba. Misali, gwamnati tana bin kamfanin wutar lantarki haraji, shi kuma yana bin barikin soja da asibitoci kuɗin wuta, sai a soke wannan da wancan a kan takarda. A littafi an rubuta haraji ya shigo, amma ko rubul ɗaya bai shiga akwati ba, kuma ba a biyan albashi da abin da aka soke. Hakimai da malaman ofis da suka ji labarin zamanin En'e sun san dokar da ke hana wannan: haraji da jangali sai sun isa hannun Ma'aji an ba da rasit, sa'an nan a fitar da abin da kasafi ya yarda.

Wahalar kuwa a kan talaka ta sauka. Tsofaffi masu fansho da likitoci da sojoji suka riƙa yin watanni ba biya. A watan Mayu 1998 masu haƙar kwal suka zauna bisa hanyar jirgin ƙasa ta Saiberiya suka tare ta, don neman albashinsu. Ran 17 ga Agusta na shekaran nan gwamnati ta bayyana ba za ta iya biyan bashin da ta ci a cikin gida ba.

Abin lura shi ne tun Disamba 1992 aka yi dokar kafa Baitulmalin Tarayya. Kafa ofis ba wuya, raba ma'aikatu da asusunsu ne aiki, don kowane mai riƙe da jaka ba ya son saki. Sai da aka sha wuyar 1998 tukuna aka yi da gaske. Dokar Kasafi da aka zartar a 1998 ta soma aiki ran 1 ga Janairu 2000. Daga nan aka bi asusun ma'aikatu ana rufewa, ana tattara kuɗi a asusu guda a Babban Banki. Ma'aikata ba ta riƙe kuɗi kuma, sai dai a buɗe mata shafi a littafin Baitulmali. In tana so ta biya ɗan kwangila, ta kawo takardu, a duba ko akwai kason wannan aiki a kasafi, a duba ko da saura, sa'an nan Baitulmali ya biya mutumin kai tsaye. Irin wannan asusu guda ne Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta tilasta wa ma'aikatunta a 2015.

Da aka san inda kuɗi suke, sai ajiya ta yiwu. A 2004, lokacin Alexei Kudrin yana Ministan Kuɗi, aka buɗe asusun tanadi, aka ce in farashin gangar mai ya wuce dala 20, rarar harajin a zuba a ciki. Da shi aka biya bashin ƙasashen waje kafin wa'adi, a 2005 da 2006. A 2008 aka raba shi biyu, aka kuma soma aiki da kasafin shekara uku a jere.

Kada dai a ɗauka gyaran nan ya warkar da kome. Baitulmali yana tabbatar da cewa kuɗi sun je inda aka rubuta, amma ba shi ke zaɓen abin da za a rubuta ba. Har bayan gyaran, wani kaso mai yawa na kasafin Rasha, musamman na soja, asiri ne ga jama'a. Ɗaya daga cikin asusun tanadin nan biyu kuwa, da farashin mai ya faɗi daga 2014, an yi ta ɗiba har ya ƙare, aka rufe shi da farkon 2018.