Ciyawa Tana Hawan Dutse

Duk wanda ya taɓa kwana a Gembu, can bisa tsaunin Mambila, ya san ba a zuwa wurin babu bargo. Dalili kuwa, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa a jikin dogon dutse kowace ciyawa da matakinta: mai son ɗumi tana gindi, mai jure sanyi tana can kusa da ƙanƙara.

To, mai karatu, biyo ni ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka. A shekarar 1802 wani Bajamushe, Alexander von Humboldt, ya hau dutsen Chimborazo mai tsayin fiye da mita 6,000, yana tafe yana rubuta sunayen tsirrai da iyakar inda kowanne ya tsaya. A 2012 masu bincike suka bi sawunsa, suka ba da rahoton cewa tsirran sun matsa sama da kimanin mita 500. Daga baya wasu masana suka ce lissafin ya yi yawa, don wai wani sashe na bayanan Humboldt daga wani dutse dabam, Antisana, ya ɗebo. An dai yi gardamar mitoci, amma kowa ya yarda sama ciyawar ta nufa, yayin da ɗumi ke ƙaruwa.

A Turai ma haka. Wani bincike da ya fito a 2018 ya duba kawunan duwatsu 302, ya tarar saurin ƙaruwar irin tsirrai a kansu tsakanin 2007 da 2016 ya ninka na shekaru 50 baya har sau biyar.

Kada ka yi saurin cewa ai arziki ne ya ƙaru. Baƙin da ke haurowa daga ƙasa dogaye ne, masu faɗin ganye da saurin girma. 'Yan gida kuwa gajeru ne, wasu a dunƙule suke kamar gammo, manne da ƙasa don gudun iska, a shekara da ƙyar su ƙara faɗin farce. Da baƙo ya yi musu inuwa, sun shiga uku. Na tsakiyar dutse yana iya matsawa gaba, iri ya faɗi can sama ya tsiro. Wanda yake kan ƙololuwa fa? Sama babu sauran ƙasa, baya kuma ɗumi da baƙi suna tafe. Da yake irin waɗannan tsirrai suna da tsawon rai, sukan yi shekaru masu yawa a tsaye ana ganinsu kore shar, alhali 'ya'yansu sun daina samun wurin kafa saiwa.