Faten Dankali da Kaza: A Fara Cire Kwanon Yaro

Ya ku iyaye mata da magidanta na Shinkafi, Zurmi, Kauran Namoda da ƙauyukan da ke kewaye.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɓangaren abinci mai gina jiki. Aikina auna yara da zaren awon damtse, da zama da iyayensu mu tattauna abin da ke shiga bakinsu. Duk uwar da ta zauna gabana nakan tambaye ta: "Jiya da dare me ya ci?" Amsar ba ta cika wuce uku ba. Ko tuwo da miyar kuka, ko ragowar kunun safe, ko kuma "barci ya kwashe shi kafin a sauke." In na ce akwai kaji a gida, sai a ce akwai. Yaushe rabon da a yanka wa yara? Sai a yi dariya: "Haba Malama, ai kaza ta baƙo ce."

A kan wannan nake son mu yi magana yau, ta hanyar girki guda mai sauƙi: faten dankalin Hausa da kaza, a daren da ba Sallah ba, ba suna ba, babu kuma baƙon da ya sauka.

Halin da muke ciki

A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a yankunan Shinkafi da Zurmi. An tarar kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa, kashi 5 cikin ɗari kuwa tasu ta yi tsanani. Wato a lokacin, a cikin yara huɗu da ke wasa a ƙofar gida, ɗaya na buƙatar taimako.

Kowa ya san sanadin. Gonaki da yawa a fadamun Gagare da Bunsuru sun gagari masu su saboda rashin tsaro, mutane sun baro ƙauyukansu da abin da kai zai iya ɗauka, a 2021 har kasuwannin mako-mako aka rufe, tsadar hatsi kuma ta ɗora nata. Waɗannan sun fi ƙarfin uwa da tukunyarta. Amma akwai abin da ke hannunmu, shi ne yadda ake sarrafa ɗan abin da aka samu, da wanda ake fara zuba wa. Na sha ganin gidaje biyu masu ƙarfi ɗaya, ɗan wannan zaren awonsa kore, alamar lafiya, ɗan wancan ja, alamar tamowa. In aka bi diddigi, bambancin yana wurin rabo.

Me ya sa dankali, me ya sa kaza?

Cikin yaro ƙarami ne, 'yan cokula ke cika shi. Tuwo da kunu na ba da ƙarfi, amma ba sa ɗauke da isassun sinadaran da ke gina tsoka da jini da garkuwar jiki. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin yaro mai wata 6 zuwa 23 gida takwas, ta ce a kullum ya samu aƙalla biyar: nonon uwa, hatsi da masu saiwa, wake da gyaɗa, madara da danginta, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu. Tukunyar faten nan ita kaɗai na iya haɗa huɗu ko biyar, ga nono kuma a gefe.

Kaza na ba da furotin, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda jiki ke saurin karɓa fiye da na ganye. Hantarta kuwa ta fi kowane sashe amfani ga ƙaramin yaro, domin cike take da bitamin A da sinadarin ƙarfe, ga laushi, yatsa ma na murje ta.

Dankali iri-iri ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Wanda nake nufi shi ne mai ciki ruwan lemo, kalar karas. Jan ɓawo ba shi ne shaida ba, domin yawancin jan kudakun da ake kasawa a kasuwa cikinsa fari ne. Ki sa farce ki ɗan kankare, ko ki ce mai kayan ya yanka miki ɗaya ki gani. Wannan launi shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke kare yaro daga dundumi, ya kuma rage masa haɗarin ƙyanda da gudawa. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ta fitar da irin da ake kira King J a 2012, da Mother's Delight a 2013. A 2016 masana uku da suka yi aikin yaɗa irin wannan dankali a Afirka, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, na cikin waɗanda suka karɓi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya. Kimanin giram 125, wato ɗan madaidaicin dankali guda, ya ishi yaron da bai shiga makaranta ba bitamin A na yini.

In ba ki samu wannan irin ba, kada ki fasa. Ki yi da farin, ki haɗa da kabewa ko karas, ki sa manja. Su ma suna ɗauke da sinadarin.

Abu ɗaya da kada a manta: bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki. Dankalin da aka dafa gaya aka miƙa wa yaro a hannu, wani kaso na amfaninsa wucewa yake yi. Cokalin man gyaɗa, ko manja, ko garin ƙuli-ƙuli, shi ke sa jiki ya riƙe shi.

Yadda ake girkin

Ga gida mai mutum shida zuwa takwas, rabin kaza ya wadatar, har da hanta da ƙundu. Sai dankali matsakaita bakwai ko takwas, albasa biyu, tumatir da tattasai, citta da tafarnuwa, daddawa, mai ludayi ɗaya na miya, dakakkiyar gyaɗa ko garin ƙuli cikin tafin hannu biyu, gishiri mai aidin, da ganye: zogale, alayyafo, ko ɗanyen ganyen dankalin kansa, wanda muke bai wa awaki alhali miya ce mai kyau. Attarugu ki ajiye shi gefe tukuna.

Ki ɗora bayan sallar La'asar. Ki yanka naman ƙanana, domin ya yi saurin nuna, ya kuma kai ga kowa. Ki zuba shi a tukunya da albasa ɗaya, citta, tafarnuwa, daddawa da ruwan da zai rufe shi. Kazar Hausa na da tauri, takan ci minti 45 zuwa awa guda. Ta gidan gona kuwa rabin awa ya ishe ta. Kafin nan kin fere dankali kin yanka, kin jajjaga kayan miya. Duk dankalin da ƙwaro ya huda, ya yi baƙi yana ɗaci, ki yar. Gyaɗa ma ki tsince wadda ta yi funfuna ko ta motse, domin tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, wuta kuma ba ta kashe ta.

Idan nama ya yi laushi, ki zuba mai da jajjage, su tafasa kamar minti goma. Sai dankali da hanta da garin gyaɗa su biyo baya. Ki rufe, ki rage wuta. Cikin minti 15 zuwa 20 dankalin zai fara farfashewa ya ɗaure romon. Ganye shi ne na ƙarshe, minti biyar ya ishe shi, kada ya dahu har ya yi baƙi. Romon kaza kuma kada a tsiyaye shi, a cikinsa ake fate.

In aka bi haka, kafin kiran Magariba an sauke. Wannan lokaci na da muhimmanci, domin yaro ɗan shekara ɗaya ba ya jiran tuwon bayan Isha'i. Yaran da ke kwana da yunwa a gidajen da akwai abinci ba kaɗan ba ne.

Kwanon yaro daban

Nan ne zuciyar maganar. Kafin ki sa attarugu da ɗanɗanon girki, kafin ki zuba na maigida, ki ɗauko ƙaramin kwano ki cire na ƙaramin yaro. Ki sa masa dankali, ganye, hanta da ɗan tsokar da kika zare wa ƙashi tsaf. Ki dame shi ya yi kauri yadda zai zauna a cokali ba ya zuba. Ruwa-ruwan abinci cika ciki kawai yake yi. Wanda bai kai shekara ba, gara a cire nasa tun kafin gishiri.

Ɗan wata 6 zuwa 8 a fara masa da cokali biyu zuwa uku, a riƙa ƙarawa har rabin kofi, sau biyu zuwa uku a yini. Ɗan wata 9 zuwa 11, rabin kofi sau uku zuwa huɗu. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, kusan cikin kofi, sau uku zuwa huɗu. Kofin da ake nufi mai ɗaukar mililita 250 ne. Nono kuma ya ci gaba har shekara biyu.

Me ya sa nake nacewa a kan kwano daban? Mun taso ana haɗa yara a kwano ɗaya, kuma akwai tarbiyya a cikin hakan. Sai dai ɗan wata goma sha biyar ba zai iya da yayyensa ba. Kafin ya kai loma biyu an suɗe kwano, uwa kuma na ganin ai ya ci, tunda ta gan shi a wurin. Da kwanonsa a hannunki za ki san iya abin da ya shiga cikinsa, ki kuma lura da ranar da cinsa ya ragu. Ki zauna da shi, ki lallaba shi, kada a yi masa ɗura.

Ga ku magidanta. A gidaje da yawa cinya da ƙirji da hanta da ƙundu naku ne, yara sai ƙafa da kai da wuya. Girman maigida yana nan daram, amma jikinku ya gama ginuwa, na ɗan shekara biyu kuwa yanzu ake aza tubalinsa, kuma tsumburewar da ta kama yaro a shekarun farko da wuya ta gyaru daga baya. In kai da bakinka ka ce "a ba auta hanta," ka sauƙaƙa wa matarka abin da ita ba za ta iya fara yi ba don kunya. Mai shayarwa ma a cika mata kwano, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai juna biyu ta ci nama da ƙwai da ganye, amma kada ta yawaita hanta, domin bitamin A da ke cikinta in ya yi yawa yana iya cutar da ɗan tayi.

Ranar da babu kaza, dafaffen ƙwai guda a murje wa yaro a faten. Zancen ƙwai na sa yaro sata ba shi da tushe. Garin busasshen kifi ko wake ma na cike gurbin.

Tsafta

Ɗanyen naman kaza na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa, gudawa kuwa ita ce babbar ƙofar tamowa. Bayan fiɗa da wanke nama, a wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da faranti kafin su taɓa ganye ko kwanon yaro. Ruwan wankin a zubar nesa da inda yara ke rarrafe. Naman ya dahu har kusa da ƙashi, babu ja, babu jini. Abin da ya wuce awa biyu a ajiye, kada a ba yaro sai an sake tafasa shi sosai. Kazar da ta kwanta ciwo kuma, kada a yi saurin yanka ta don gudun asara a ci, musamman in kaji na mutuwa a unguwa. A sanar da malamin dabbobi.

Yadda za a riƙa samu

Abin da ke hana mata yanka kaza shi ne ita ce ajiyarsu, ranar Alhamis a kai ta kasuwar Shinkafi a yi cefane ko a sayi magani. Kuma da hunturu ya shigo annoba kan share akurki. Akwai rigakafin wannan annoba da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi, ɗigo ne a ido, malaman dabbobi sun san shi. Kajin da suka tsallake hunturu su ne za su ba ki damar sayar da wasu, ki yanka wa yara wasu. Maƙwabta biyu ma na iya raba kaza ɗaya, wannan makon daga akurkinki, na gaba daga nata.

Dankali kuwa reshensa ake yanka a dasa, cikin wata uku zuwa huɗu ya yi. Yana yi a kunya biyu a bayan ɗaki, yana yi a buhun da aka cika da ƙasa da taki, ga waɗanda zuwa gona ya gagara. Wadda ta samu irin mai cikin lemo ta yanka wa 'yar'uwarta.

Inda girki bai isa ba

Faten nan rigakafi ne. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ko ya rame har fata ta saki, ko ya ƙi cin abinci da nono, ko zaren awo ya nuna ja, wato damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, asibiti za a kai shi a ranar. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa a cibiyar tamowa magani ne na wanda aka rubuta wa, ba a raba shi da yayye, ba a kai shi kasuwa. Haka kuma duk wata shida a kai yara daga wata 6 zuwa shekara biyar su karɓi ɗigon bitamin A, ko da suna cin dankalin.

Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a tsakar gida ko a Islamiyya. Magidanta kuma ku tattauna shi a majalisa. Mai tambaya ya zo asibiti ranar awo, mu zauna mu duba abin da ke cikin gidansa, mu ga abin da za a iya haɗawa da shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu. Amin.