Neman Ilmi Bayan Girma da Hukuncin Karatu Daga Gida



Imamul Buhari ya keɓe babi guda a cikin Sahihinsa a kan yin karɓa-karɓa wajen neman ilmi. A ciki ya kawo labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da yake zaune a wata unguwa can gefen Madina, da 'yar tazara tsakaninsa da masallacin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wa Sallam. Umar magidanci ne mai iyali, ga shi kuma ɗan kasuwa, ba shi da halin zama masallaci kullum. Sai suka shirya da wani maƙwabcinsa Ba'ansare: yau wannan ya sauka gari, gobe wancan, kuma duk wanda ya je ya komo wa ɗan'uwansa da abin da aka saukar na wahayi da sauran labarin ranar. Da haka ba wanda sana'arsa ta tsaya, ba kuma wanda karatu ya wuce shi.

Wannan labari ya kamata ya faɗo a zuciyar duk wanda ya ji ana zancen jami'ar karatu daga gida, watau jami'ar gwamnati wadda ake kafawa domin manya, waɗanda aiki ko aure ko nisan gari ya hana su zaman aji. Ingila ce ta fito da irinta a 1969, ɗalibanta na farko kuwa, wajen mutum 25,000, suka soma karatu a 1971, ana aika musu littattafai ta gidan waya, suna kuma bin darussa a rediyo da talabijin na BBC. Pakistan ta kafa tata a Islamabad a 1974, aka sa mata sunan Allama Iƙbal a 1977. A Nijeriya gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa ta a 1983, mulkin soja ya dakatar da ita a 1984, ta yi kwanciyar shekaru har Shugaba Olusegun Obasanjo ya tashe ta, ta koma aiki a 2002. Ita ce aka fi sani da NOUN, hedkwatarta tana Abuja, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Yadda karatun yake ba wuya. Ɗalibi yakan yi rajista a cibiyar karatu da ta fi kusa da shi, ya karɓi littattafan darasi a takarda ko ta intanet, ya karanta a lokacin da ya samu sarari, ko bayan Asuba ne ko bayan Isha. Akwai aikin gida da ake ba shi ya amsa, wanda yake ɗauke da maki 30 cikin 100, sauran 70 kuwa sai ya zo da ƙafarsa ya zauna jarrabawa. Ana karanta fannoni iri-iri, har da Larabci da ilmin addinin Musulunci. Jami'ar tana da cibiyoyi a cikin wasu gidajen yari, inda fursunoni suke karatu kyauta. Shi kansa Obasanjo, bayan ya sauka daga mulki, ya shiga cikinta ɗalibi, ya karɓi digirin digirgir a 2018, yana da shekara 80 da haihuwa.

To, ina hujjar magidancin da yake cewa ya yi girma da karatu? Buhari dai, bayan ya kawo umurnin Umar cewa a nemi fahimtar addini tun ba a zama shugabanni ba, sai ya ƙara da cewa har bayan an zama ma a nema, gama sahabbai sun yi karatu ne da girmansu. Abubakar da Usman da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ba su shiga makarantar Annabi suna yara ba. Kunyar da take hana mai furfura tambaya, ko take hana babban ma'aikaci zama benci ɗaya da sa'an ɗansa ranar jarrabawa, sau da yawa girman kai ne ya yafa mayafin kunya. Mai gemu da yake ɗaukar allo ya fi mai gemu da bai san abin da yake ɓata masa alwala ba.

Wani zai ce ilmi a bakin malami yake, yaya za a yi karatu malami yana Abuja ɗalibi yana Gumel? Wannan tambaya tana da ƙarfi, bai kamata a kore ta da dariya ba. Amma a sani cewa malaman hadisi sun ƙidaya hanyoyi takwas na ɗaukar ilmi, ɗaya daga cikinsu ita ce mukataba, watau malami ya rubuta wa almajirinsa na nesa, almajirin kuma ya ruwaito daga gare shi. Littafin Risala da ake biyawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, ma'anar sunansa wasiƙa, domin Ibn Abi Zaid na Ƙairawana ya rubuta shi ne amsa ga roƙon wani malamin yara da yake son abin da zai koyar da su. Shehu Magili ma wasiƙa ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a kan yadda ake riƙon sarauta.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta ga matan karkara ba su da ikon barin ɗakunansu su zo Sakkwato, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa su jajiyoyi, ta ba su malfa alamar izini. Su ne suke zuwa wurinta su ɗauki karatu a waƙe, cikin Hausa da Fulatanci, su koma ƙauyuka su biya wa 'yan'uwansu. Wannan ƙungiya ita ce 'Yan Taru. Mahaifinta kuwa, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan zargi ga malaman da suke koyar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Saboda haka maigidan da yake fakewa da tsoron cakuɗa ya hana matarsa karatu, jami'ar da take kawo littafi har tsakar gida ta rage masa uzuri ƙwarai. Ya saya mata littafi, ya kai ta cibiya ranar jarrabawa, ya riƙe yara na 'yan sa'o'i, ba abin da zai ragu a jikinsa.

Sai dai akwai iyaka. Magabata sun yi gargaɗi game da wanda takarda ce kaɗai malaminsa, domin shi ne yake karanta kalma a karkace ya gina hukunci a kanta, ba wanda zai ce masa kul. Karatun Alƙur'ani musamman ba ya inganta sai an ji daga bakin mahaddaci, an kuma karanta ya gyara, gama takarda ba ta nuna wa harshe mafitar harafi. Wanda ya sami digiri a ilmin addini ta wannan hanya, ya gode wa Allah, amma kada ya ɗauka takardar ta ba shi izinin fatawa. Ya nemi malami a unguwarsu ya durƙusa gabansa, ya riƙa kai masa abin da ya shige masa duhu. Umar ma ai ba a kan saƙon maƙwabci kaɗai ya dogara ba, ranar da ta zama tasa da kansa yake sauka.

Abu mafi nauyi shi ne amana. A aji malami yana ganin ɗalibi, a karatun gida kuwa ba mai ganinsa sai Allah. Aikin gidan nan mai maki 30 a kwamfuta ake amsa shi, saboda haka ƙofar ha'inci a buɗe take: mutum ya biya wani kuɗi ya amsa masa, ko ya sayi amsoshi, ko ya sa a rubuta masa kundin bincike ya ɗora sunansa. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya bi ta wurin wani mai sayar da hatsi, ya tura hannunsa mai albarka cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali kuwa saman a bushe yake, sai ya tuhume shi, ya kuma barranta daga mai algus. Takardar shaida ita ma haja ce da ake kaiwa kasuwa. Wanda ya miƙa ta ga mai ɗaukar ma'aikata yana cewa ne ga abin da ya sani, in kuwa wani ne ya san shi, to, busasshen hatsi ya ɗora a kan jiƙaƙƙe. Cutar ba ta tsayawa a kansa. In malamin makaranta ne, yara arba'in ko hamsin ne za su zauna gabansa kowace shekara, in ma'ajin kuɗi ne dukiyar jama'a ce a hannunsa. Mai amsa wa wani aiki da lada shi ma abokin tarayya ne cikin laifin, kuɗin da ya karɓa kuwa ba halal ba ne.

Wanda ya riga ya faɗa cikin wannan fa, har ya sami aiki da takardar? Malamai ba su yi saɓani ba cewa tuba ta wajaba a kansa, sai dai sun saɓa game da albashinsa. Wasu sun tsananta, suka ce abin da aka gina a kan ƙarya ba ya halatta. Wasu kuma suka ce in ya tuba tuba ta gaskiya, kuma yana iya aikin yana cika shi yadda ake so, albashin ladan aikinsa ne. Ko a kan magana mai sauƙin, sharaɗin iya aiki yana nan daram, don haka wajibi ne ya koma ga littattafan da ya tsallake ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, in kuwa ya ga aikin ya fi ƙarfin saninsa, ya nemi a mai da shi inda zai iya.